Magulmaciyar Boyi

Duk wanda ya ci kifi a Illela kafin farin da aka yi a shekarar tamanin da huɗu, da wuya bai ci na Boyi ba. Masunci ne ɗan masunci, gajere mai faɗin kafaɗa, kuma taurin kansa ya isa a yi masa waƙa. A bakin tafkin Kalmalo aka haife shi, a nan ya yi wayo, a nan ya gaji jirgin ubansa, wani ɗan siririn abu na mutum ɗaya wanda in ka yi atishawa a cikinsa ba shiri sai ka sha ruwa. Matarsa Sakinatu ke soya abin da ya kamo, a kai kasuwa ranar Lahadi. Sun aurar da 'ya'yansu duka, suka zauna su biyu suna gardamarsu cikin rufin asiri.

Sai tafki ya fara ja da baya. Inda ake ɗaure jirgi bara, bana awaki ke kiwo. Masunta suka rinƙa naɗe komarsu suna komawa Goronyo, inda aka yi sabon dam. Lawwali, ƙanen Sakinatu, yana cikin na farko, kuma ba motar da za ta zo bai aiko da saƙo ba: ga ɗaki, ga ruwa, su taho. Sakinatu ta daɗe da ɗaure kayanta a zuci. Boyi kuwa ya ce ba inda za shi. A ganinsa kifi bai ƙare ba, wayo ya yi, ya nutse can ƙasa inda koma ba ta kai. Gaskiyar magana tsoro yake ji. Bai taɓa kwana inda ba a san sunan ubansa ba.

Ana cikin haka ya ƙetara Konni ta'aziyya, ya tarar da wani kuku yana sayar da tarkacen da maigidansa Nasara ya bari. A ciki akwai wani akwati kamar rediyo, da doguwar waya, a ƙarshenta wani baƙin abu kamar sabulu. Kukun ya ce da shi Nasaran ke neman kifi: a tsoma sabulun a ruwa, in kifi ya gifta ta ƙasa akwatin ya yi kuka. Boyi bai nemi shawarar kowa ba. Ya dawo gida ya kwance ragon layyarsa, ya koma ya yi musaya.

Mukhtari mai gyaran rediyo a bakin tasha ya jujjuya abin, ya ce lafiyarsa ƙalau, sai dai batirin mota yake ci. Ya haɗa masa da wani tsohon batiri, suka tsoma sabulun a bokiti, Mukhtari ya wuce da hannunsa ta ƙasa, akwati ya ce ƙit-ƙit-ƙit. 'Yan tasha suka taru. Wani ya nemi a kamo masa tashar Kaduna. Wata mai fura ta ce wannan ai ba na'ura ba ce, magulmaciya ce, tunda aikinta tona asirin wanda ya ɓuya. Sunan ya bi ta.

A gida Boyi ya ajiye ta gaban Sakinatu kamar wanda ya kawo alƙali.

"Ga mai raba mu gardama. In tac ce babu kihi, mu tahi Goronyo. In tac ce akwai, ki bar man zancen ga har abada."

"Na yarda, baban Fati," in ji ta. "Amma da kunnena za ni ji, ba da naka ba."

Ɗora Magulmaciya a jirgi ya fi sayenta wuya. Boyi ya rantse ƙusa ba za ta taɓa jirgin ubansa ba, don haka da robar tayar keke ya ɗaure akwatin a gaba. Da ya sa batiri, jirgi ya karkace. Ya nemi abin da zai daidaita nauyin, ya ga babu kamar dutsen niƙan Sakinatu. Sabulun kuma yana son sandar da za ta riƙe shi a cikin ruwa, a miƙe, ba ya rawa. Ya gwada kara, ya karye. Ya gwada gora, ta yi tsawo. Muciyar tuwo ce ta yi daidai kamar don haka aka sassaƙa ta. Mukhtari ya ce rana na lalata irin waɗannan kaya, sai faifai ya bi bayan muciya, ya zama rumfar akwati. Sakinatu ta ce in ya ga tukunya ma za ta yi amfani, ya yi magana kafin ta ɗora girki.

Ga kuma jigila. Ruwa ya yi nisa da gida, batiri kuma kullum yana son a kai shi Illela caji. Sai a ga Boyi da jakinsa a hanya, batiri a ɓangare ɗaya na mangala, Magulmaciya naɗe cikin tsohon bargo a ɗayan, shi kuma a ƙasa yana tafe yana lallashin jakin kada ya yi sassarfa. Ko amaryarsa bai raka da irin wannan ladabi ba. Masu raƙuman da ke fitowa daga Nijar har tsayawa suke su tambaya ko maras lafiya ne.

Ranar da komai ya kammala ya shiga ruwa shi kaɗai, wai gwaji. Ya bi duk lungun da ya sani. Magulmaciya ta yi gum. Ya buga ta, ya lallashe ta, ya tsoma hannunsa ƙarƙashin sabulun, nan take ta ce ƙit-ƙit. Ya cire hannu, ta koma shiru. Washegari haka, jibi haka. Abin da ya fi ba shi haushi, a ce duk duniya wannan ce magulmaciyar da ba ta ƙarya, kuma shi ta faɗo wa.

Sakinatu ta fara tambayar ranar da za a kai ta ta ji. Ranar Lahadi Boyi ya yi abin da ba wanda ya taɓa yi a zuriyarsu: ya ja rawani ya rufe rabin fuska, ya shiga kasuwa ya sayi kifi. Tarwaɗa ce mai rai, daga cikin durom ɗin wani baƙo. Da safe ya riga kowa zuwa tafki, ya sa ta a guntun koma, ya ɗaure a ƙarƙashin jirgi dab da sabulun. Sannan ya koma ya ce wa Sakinatu ta shirya.

An sha fama kafin jirgin mutum ɗaya ya ɗauki mutum biyu. Aka sauke dutsen niƙa, Sakinatu ta zauna a madadinsa. Boyi ya haɗa waya. Tun kafin ya tura jirgi Magulmaciya ta ɓarke da kuka.

"Kin jiya?"

"Ina ji. Mu tahi gaba."

Suka yi gaba, kuka bai tsaya ba. Suka yi dama, haka. Suka ratsa ta inda wata saniya ke tsaye tana shan ruwa, haka.

"Baban Fati, kihin ga biyarmu shikai?"

"Yawa na gare su. Ko'ina akwai."

Wani abu ya bugi jirgin daga ƙasa. Boyi ya yi tari don ya rufe ƙarar, ya ƙara ƙaimi ya nufi tsakiyar tafki, inda zurfi yake, inda tun yana yaro ake hana su zuwa. Suna isa jirgi ya ja ƙasa ya tsaya cik. Ya tokara, ya tokara, ko motsi.

Sakinatu ta dube shi. Ta tattare zanenta, ta zura ƙafa ɗaya waje.

"Ke, nan tsakiya ta," in ji shi.

Ta sauka. Ruwan bai kai mata gwiwa ba. Ta sunkuya ta laluba ƙarƙashin jirgin, ta jawo guntun koma da tarwaɗa a ciki tana mutsu-mutsu. Magulmaciya ta yi shiru.

"Wurin wa kas saye ta?"

Boyi ya daɗe yana duban faifai. "Wani baƙo na, mai durom."

"Daga ina yaz zo?"

"Goronyo," ya ce, da ƙyar.

Dariya ta kama ta har sai da ta dafa jirgin. Da ta ɗago ta ga shi bai yi ba. Yana zaune da sandar tuƙi a cinya, yana kallon ruwan da ke lasar ƙaurinta, fuskarsa kamar ta wanda ya zo gaida maras lafiya ya tarar an fita da shi. Tausayinsa ya kama ta, dariyar ta tsaya.

"Tashi mu tahi gida," ta ce a hankali. "In soya maka ita, tunda ka biya."

Ya sauko cikin ruwan, ya karɓi komar daga hannunta, ya fara kwance ƙullin.

"Jibi mu bi motar Goronyo," ya ce. "Amma wagga ki bar man ita nan. Kar a ce mun tashi mun bar tabkin ga ba kowa."

Sakinatu ta matso kusa da shi. Ta riƙe masa bakin komar, ya zazzage tarwaɗar a ruwa.