Shatin Hannun Yaya a Ƙofar Mota

Asuba ta fari muka tashi daga Dakoro, ni da kawuna da direban da muka ɗauka. Maraɗi muka nufa, mu ɗauko motar yayana, wadda ya yi hatsari da ita ya rasu bayan girbi. An gama gyaranta, Inna kuma ta ce a kawo gida ta gani kafin a sayar. Alkawari guda muka yi ni da Kawu: ba za ta ga ko ɗigon jinin ɗanta ba.

A Kornaka muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, har Kawu ya tambayi mai tuyar ko waken ma ya tafi ci-rani. Ita ce dariyarmu ta ranar. Da muka kusa Sabon Maci, inda abin ya faru, direba ya rage gudu ba wanda ya ce masa. Karan gero ne kawai a wurin, sai awaki.

Mai garaji ya gyara gaban motar sarai, amma cikinta yana yadda yake. Wallahi ban iya kallo na biyu ba. Muka wuce lawaj, inda ake wankin motoci. Injinsu biyu, kowane da tiyo da bakin ƙarfe kamar bindiga. Injin yana matse ruwa ya turo shi ta ɗan ƙaramin rami, ya fito da ƙarfin da zai iya yanka fata. Na sanyi shi ke kore laka da ƙura da kashin dabbobi. Ɗayan yana da tukunyar da gazuwal, wato man dizal, ke hurawa, ruwansa yana tururi, shi ke narkar da baƙin mai da maiƙo. Kuɗinsa ya fi, don haka na ce a yi da shi. Mai wankin ya leƙa ciki, ya yi mana gaisuwa, sannan ya ce da sanyi za a fara, zafi dafa jini yake ya kama. Haka aka yi. Kawu ya juya baya har jan ruwan ya gama bin kwata.

Da aka kunna na zafi, mai wankin ya tsaya a ƙofar direba. Akwai wani baƙin shati a samanta, inda Yaya ke dafa hannu shekara da shekaru, maiƙo da gumi sun zauna.

"Malam, har da wannan?"

Na ce, "Duka. Kada ka bar komai."

Tururi ya bi ta kai sau ɗaya, shatin ya tafi.

Da la'asar sakaliya muka shigo Dakoro, mota tana ƙyalli. Yaya ɗan fari ne. Tunda nake ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba, ban ga ta taɓa shi ba, ko a jana'iza ba ta yi kuka gaban mutane ba. Ta fito, ba ta ko leƙa ciki ba. Ƙofar direba ta nufa, ta ɗora hannu a sama, tana shafawa, tana nema. Sai a lokacin na tuna: duk ranar da zai yi tafiya, a nan take dafawa ta yi addu'a, a kan shatin hannunsa, shi yana can yana ɗaure kaya.

Ta daɗe tsaye. Sannan ta ce, "Sannunku da hanya. Kun wanke ta tas."

Abin da na koya ke nan: na san ruwan da ke fitar da laka, na san mai fitar da maiƙo, amma ban tambayi uwata abin da take so a bar mata ba. Allah Ya jiƙan Yaya. Ba mu kai ga sayarwa ba, har yau in ta wuce ta gefen motar nan, hannunta yakan ɗaga kaɗan, sai ta mayar da shi cikin mayafi.