Ranar da Mama Nas Ta Auna Zazzaɓin Fanel

Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa a gidanmu ya sani, kuma da aikin sola ya tashi koya mini hankali, a gaban jama'a ya yi.

Shekarar da na gama koyon aikin a Kafanchan, ikilisiyarmu da ke wani ƙauye bayan Manchok ta tashi sa wa ƙaramin asibitinta wuta, saboda firjin allurar rigakafi. Babana dattijo ne a ikilisiyar. Shi ya miƙe a taron dattawa ya ce, "Ku ba ɗana. In ya ɓata, ni na ɓata." Baba ba ya yawan magana, shi ya sa in ya yi, ake ɗauka.

Na zauna da kwamfuta na tsara aikin. Akwai manhajar da za ka faɗa wa garinku, da yawan fanel, wato faifan da ke kama hasken rana, da yadda za ka ɗora su, sai ta lissafa maka wutar shekara guda. A ƙarshe ta ba ka maki kamar na ɗan makaranta: cikin wutar da hasken rana ya isa ya bayar, nawa ne zai zo hannu. Makin ya yi kyau. Na buga a takarda na kai wa dattawa, ina ta hura hanci.

Ranar ɗorawa sai suka taru a ƙasa suna kallo. A wajenmu iskar farkon damina in ta gangaro daga duwatsu, rufi take yayewa, shi ya sa za ka ga kwanon mutane danne da bulo. Suka ce, "Kwantar da su, ka manna da kwano, kada iska ta sami wurin shiga." Na kwantar da su lif, ko yatsa ba ya wucewa ta ƙasa. Alhali a kwamfuta na ce a kan ƙarfe za su tsaya, iska tana ratsa bayansu. Ban koma na gyara lissafin ba.

Daga kaka har Kirsimeti komai lafiya lau. Da Maris ya shigo, rana ta ƙwalle, sai batir ya daina cika da wuri, firji ya fara ƙarar gargaɗi. Sakataren kwamitin asibitin, wani tsohon hedimasta da ba ya yar da takarda, ya fito da tawa. Ya ce, "Rana ta ƙaru, wuta ta ragu. To ina makin naka? Ana cewa jabu ka sa mana."

Jabu? Ni? Kai, na yi ihu har matan da ke jiran awo suka leƙo ta taga. Ihun bai hana maganar zaga gari ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba. Bai tambaye ni komai ba, sai dai ya bar kujerarsa ta gaba a majami'a ya koma can baya kusa da ƙofa. Mako biyu ina hango shi a wurin nan, abinci ba ya mini daɗi.

Mama Nas ce ta kira ni. Ita ke riƙe da asibitin, ita ma ta karɓi haihuwata, saboda haka ba ta jin tsoron bakina. Ta ce, "Ka gama haushi? Ɗauko tsani." Ta miƙo mini na'urar auna zafi irin mai kama da bindiga, wadda ta rage musu tun lokacin korona, ta murɗa ta yadda za ta auna jikin kaya. "Duk wanda ya shigo nan ba ƙarfi, zafin jikinsa nake fara dubawa. Kai ka auna na 'ya'yan naka da ke kan rufi?"

Ban auna ba. Na hau da tsakar rana, kwano yana ƙona mini gwiwa, na harba. Zafin ya haura digiri sittin. Nan take karatun da na haddace don jarrabawa ya dawo mini: ƙarfin da ake rubutawa a bayan fanel, a digiri ashirin da biyar ake auna shi, kuma duk digirin da ya ƙaru sai ya ɗan ci wutar. Haske fanel ke so, ba zafi ba. Kunya ta kama ni har na rasa yadda zan sauko.

Da na sauko ta buɗe mini littafinta. Dokar aiki ce ta rubuta sanyin firji safe da yamma, amma ita don kanta take ƙara zafin baranda da rana, kullum, tun ranar da na kunna wutar. Mako guda ina hawa ina aunawa tana rubutawa. Da wannan da nata na baya na cire rabon zafi daga makin kowane wata. Sai ga na Maris ya zauna kafaɗa da kafaɗa da na Disamba. Fanel ɗina lafiyarsu ƙalau.

Na yi tsalle na ce, "Mama, laifin dattawa ne, su suka ce in manna!"

Ta kalle ni ta saman tabarau. "Su iska suka sani. Kai aka aika makaranta ka san zafi. Ka faɗa musu duka, ba rabi ba."

Ranar Lahadi bayan sujada na faɗa musu duka, har da lissafin da ban gyara ba. Hedimasta ya bi takardata da jan biro layi-layi, ya ce lissafi daidai ne, ya kuma ce ya janye kalmar jabu. Na ji daɗin wannan. Amma Baba ya tashi ya yi ficewarsa.

Washegari da safe na je asibitin don in kwance fanel ɗin. Na tarar da ƙarafa a jingine da bango, na rumfar da Baba ke shanya citta ne, ya warware ta. Shi kuma yana tsaye a gindin tsani da hularsa ta zuwa majami'a, daidai bakin hanyar da duk mai zuwa kasuwa yake bi. Muka ɗaga fanel ɗin kamu guda daga kwano, muka ɗaure su tamau yadda iska za ta wuce ba ta ɗauke su ba. Firjin bai sake kuka ba.

Har yau ina gode wa Allah saboda matar nan da littafinta, kuma ba na miƙa wa kowa maki sai na cire masa rabon zafi. Amma safiyar nan ce ba ta barina. Kafin mu fara aikin, na tsaya ina neman kalmar ba da haƙuri, ni mai yawan surutu. Baba ya kama tsanin da hannu biyu, ya ɗaga murya yadda masu wucewa za su ji, ya ce, "Hau, ɗana. Ina riƙe."