Fitilar Lamba da Tocilar Inna

Mun tashi da asuba daga Rabah, ni da wani abokina a kan mashin, za mu Taloka duba irin albasa. Mashin ɗin na yayansa ne da ya rasu bara. Shi yake kabu-kabu da shi yanzu, da shi ake ci da marayu da tsohuwarsu, Inna.

Gari bai gama wayewa ba muka iso wani shinge kafin Wurno. Wani jami'in tsaro ya zagaya bayanmu, ya haska, ya ce fitilar lambar mashin ba ta kamawa. Yanzu ana sa ido sosai kan mashina a yankin nan. Ya ce mu wuce, amma in muka dawo da magariba a haka, mashin zai kwana a wurinsu, kuma ba ya da tabbacin ranar fitowarsa. Abokina ya ja mashin muka shiga gari.

A Wurno muka karya da waina mai zafi, muka sha man kwalba da tsadarsa ta sa na yi salati, sannan muka sami wani dattijon bakanike a gindin dalbejiya. Ya canza ƙwan fitilar, shiru. Ya cire kujera, ya bi wayar wuta da yatsa, sai ya tsaya.

"Wa yay yanke wagga waya? Ai an kai wutar wani wuri."

Ashe marigayin ne ya karkatar da ita zuwa wani ɗan soket a ƙarƙashin kujera. Nan yake saka tocilar Inna ta yi caji yana aiki, da yamma ya miƙa mata ta yi alwalar asuba da ita. Abokina ya gaji wannan aikin, ko a ranar tocilar na ciki, amma bai taɓa sanin daga ina wutar take zuwa ba. Haɗin yana naɗe da baƙin salatif, tsaf, an ƙulle shi da zaren buhu.

Bakanike ya ɗauko filaya zai tsinke. Abokina ya riƙe masa hannu.

"Baba, don Allah. Hannun Yaya ne."

Dattijon ya dube shi, ya ce, "To mi kaka so in yi, ɗana?" Bai jira amsa ba. Ya bar ƙullin yadda yake, ya jawo sabuwar waya daga ta wutar baya, ya kai ta fitilar lamba, ya ɗaure ɗaya wayar fitilar a jikin ƙarfe. Aka tada mashin, 'yar fitila ta kawo. Ni da na zo rakiya kawai, sai da na juya kai na share ido.

Sauran tafiyar lafiya lau. Hanyar Goronyo ramuka ne da gonakin rani kore shar, iri ya yi kyau a Taloka, na ci soyayyen kifin dam har na manta da kunya.

Da magariba muka dawo shingen. Jami'in ya leƙa baya, ya ɗaga mana hannu.

Tafiyar nan ta koya min in daina saurin kiran aikin wani shirme kafin in san wa aka yi wa shi. Mun isa Rabah muka tarar da Inna a ƙofar gida tana jira. Abokina ya ɗaga kujera, ya ciro tocila ya miƙa mata. Ta kunna, ta kashe, ta ce, "Allah shi yi muku albarka, ku biyun."

Na ce amin. Sai daga baya na gane ba da ni take ba, da shi da marigayi yayansa take.