Naman Delu da Ba a Binne Ba

In kun taɓa sauka tashar Dogarawa kuka sha fura wurin wata doguwar mata mai dafe ƙugu in za ta miƙe, to Delu kuka gani. Ku gyara zama, amma labarin nata ba zuma a ciki.

Wajen 2004 ne, tana auren Mika'ilu mai amalanke, ba ta kai ga haihuwa ba, kumburi ya kama ta. Ƙafafu kamar turmi, fitsari sai kumfa. Daga Konni aka tura ta Yamai. Can likita ya soka mata doguwar allura a baya, ya tsinko ɗan naman ƙoda, bai kai ƙwayar shinkafa ba, don a gano ciwon. Ya haɗa mata magunguna, har da na hutun haihuwa.

Ya ce, "Mahaifarki lafiya lau. Amma kar ki ɗauki ciki sai mun gama maganin nan."

To, uwar mijinta Hawa'u ita ce ungozomar unguwa. Kowace mabiyiya ita ke binne ta bayan ɗaki, kuma a saninta, in aka wulaƙanta abin da ya fito cikin mace, haihuwarta ta ƙare. Da Delu ta dawo gida, ko ruwa ba ta gama sha ba tsohuwa ta tambaya.

"Ina naman da anka yanko?"

"Inna, ɗan mitsitsi ne fa. Sun ce ƙasar waje za a kai shi a auna."

"Ƙasar waje! Ba a bizne shi gidan mijinki ba? Ke ɗiyar nan, haihuwarki anka sa jirgi."

Shi ke nan, magana ta bi gari. Bakin rijiya sai a ce, "Delu, ɗan naki ya isa Faransa? Ki ce ya aiko muna sabulu!" Mika'ilu bai taɓa gaya mata baƙa ba, bawan Allah, amma bai kuma taɓa cewa a bari ba.

Ran da ta dawo daga wani suna inda aka ƙi miƙa mata jariri, ta juye magungunan duka a masai.

Ciki kuwa ya shiga. Ku ga Delu tana zuwa rijiya ko tulunta a cike yake, don dai a gani! Hawa'u har kaza ta yanka mata.

A wata na bakwai kumburi ya dawo, ido ya rufe. Kan amalanken mijinta aka kai ta asibiti. Namiji ne, ya zo ba rai. Ita ta tashi, da kyar, amma likita ya ce ƙodar ba za ta sake ɗaukar wani ciki ba, in ba ranta za ta bayar ba.

Hawa'u ta ƙunso mabiyiyar a zane, ta wanke ta, ta binne bayan ɗaki yadda ya kamata. Ta wanke hannu, ta dubi masu gaisuwa.

"Ni dai na faɗi tun farko."

Har yau in baƙo ya ce, "Ina yara, uwar gida?" Delu ba ta ɗaga kai daga ƙwarya.

"Suna ƙasar waje," ta kan ce. "A sa maka sukari?"