Goggo Tsahara da jan ƙyalle

Duk wanda ya taɓa shiga wurin matsar man gyaɗa na Goggo Tsahara a Magariya ya san jan ƙyallenta. Abin da ta lura ba a aiki da shi, ko tukunya ce ko tsani, sai ta ɗaura masa jan ƙyalle. In kasuwa ta zagayo ba wanda ya taɓa shi, waje za a yi da shi. Ni ɗan ƙanenta ne, kuma ni ne sirbeyan na kwalej, mai kula da ladabin yara. Ina son tsari. Amma nata tsarin ya sha sa mini ciwon kai, kuma zan faɗa muku bi da bi.

Ni na kai wa darakta shawarar a riƙa tura ƴan ajin ƙarshe wurinta, su koyi yadda ake sarrafa kaya ba ɓarna. Ya yarda, da sharaɗi: iyaye za su zo su duba, in ba su gamsu ba a rufe zancen, kuma ni zan amsa tambaya.

Na farko. Ranar da na kai yaran, na sami kujera na zauna ina sa ido, don aikina ke nan. Ban daɗe ba na ji ana taɓa hannun rigata. Goggo ce take ɗaura mini jan ƙyalle, a gaban ɗalibaina. Na ce mata ai aiki nake yi. Ta ce tun safe take duba ni, ba ta ga ɗigon man da ya fito daga zamana ba. Ranar na tsinci gyaɗa har azahar.

Na biyu. Ta rataye wani guntun ƙarfe a tsakar wurin. Ta ce duk wanda ya ga kuskure, komai ƙanƙantarsa, ya buga, kowa ya tsaya har a gyara. Na gargaɗe ta cewa ba a ba yara irin wannan dama. Ba ta ji ba. Wata yarinya mai suna Rabi ta buga ƙarfen don Goggo da kanta ta ajiye ludayi ba a mazauninsa ba. Na miƙe zan hukunta yarinyar. Goggo ta mai da ludayin, ta cika wa Rabi hannu da ƙuli-ƙuli, ni kuma ta ce in matsa, na tare hanya.

Na uku shi ne ranar iyaye. Na roƙe ta tun jajibiri ta matse mai da yawa, a jera biduna, wato jarkoki, baƙi su ga albarka. Ta ce ba ta matsa sai an nema, don man da ke zaune jiran mai saye lalacewa yake yi. Na ce rana ɗaya ce. Ta ce mai bai san ranar baƙi ba.

Iyaye suka zo, Alhaji Isufu shugabansu yana gaba, darakta yana bayansa. Inji shiru. Yara suna goge kwanoni. Alhaji ya tambaya ko shara aka ɗauko ƴaƴansu daga lakwal, wato makaranta, su koya. Darakta ya dube ni, na dubi ƙasa.

"Alhaji, mai kake so?" in ji Goggo.

"Aiki muka zo gani, Hajiya."

"To nemi mai, ka ga aiki."

Ya ce a ba shi butali guda, wato kwalba ɗaya. Yaran suka miƙe, kowa ya nufi wurinsa. Masu tsinta suka miƙa wa masu suya, masu suya suka miƙa wa mai inji, daga nan sai matsa da tacewa. Ba mai neman cokali, ba mai tambayar ina mazurari. Baƙi suna tsaye, don ba ta da kujerar da ta rage. Da aka miƙa masa butalin da ɗuminsa, ya shinshina, ya ce a cika masa bido babba.

Ta ƙi. Wallahi a gabana ta ƙi.

"Gidanka ba zai cinye bido kafin ya yi maƙaƙi ba. Cinye wannan, ka aiko."

Alhaji ya yi dariya har ya riƙe bango. Ya ce yara su ci gaba da zuwa, kuma a ƙara da nasa ɗan, wanda ba ya iya gano takalminsa da safe. Ina jiran ta ce mini sannu. Abin da ta ce shi ne na sa baƙi sun tsaya a hanyar buhuna.

Bara, a lokacin kaka, Goggo ta rasu bayan gajeriyar jinya. Har yau yaran suna zuwa, ƴarta ce ke riƙe da wurin. Na yi shekaru ina jin haushin matar nan, yanzu kuma in na shiga ba mai yi mini faɗa, sai in rasa inda zan tsaya. Allah Ya jiƙan Goggo, Ya yafe mata, Ya sa abin da ta koya wa yaran nan ya zame mata haske a kabarinta. Amin.