Hannun Hagun Saratu

Jama'a, wannan abu ni ya faru da ni, Allah ne shaidata ban ƙara gishiri ba. Shekara huɗu ke nan, lokacin ina aikin walda a Sabon Tasha, gidana kuma yana Romi. Matata Saratu ce mai kaɗa piyano a cocinmu, ta rasu ta bar mini ɗan piyanonta na lantarki a falo, lulluɓe da zaninta. Da ranta ko taɓawa ba ta bari in yi, sai ta ce, "Baban Ladi, hannun guduma ne da kai, matsa can."

Kewa ce ta ishe ni na buɗe shi. Na saukar da wata manhaja a waya, irin wadda take sauraron abin da ka kaɗa, in ka danna daidai ta nuna kore, in ka kuskure ta nuna ja. Ni da shekara hamsin da ɗoriya, kullum na taso aiki sai ɗirkar ja nake kamar mai yankan kaji. Wata bakwai kafin hannun damana ya iya waƙar da ta fi so, shi ma da ƙyar.

Wata Asabar da la'asar, ina zaune a falo, ina kaɗawa da dama kaɗai, hagu na kan gwiwata, sai na ga layin ƙasa, na hannun hagu, yana ta zama kore da kansa. Kunnena bai ji komai ba, amma wayar tana ji. Na ce kai, ta lalace. Sai aka zo wani wuri ya yi ja, aka wuce, aka dawo wurin ya sake yin ja. Nan na tuna. Injin markaɗe ya taɓa cinye wa Saratu kan ƙaramin yatsanta na hagu, maɓallin nan na can ƙarshe ba ta taɓa kai masa ba, kullum tsallake shi take yi tana dariya.

Na gaya wa shugaban mawaƙanmu, ya ce rediyon maƙwabta wayar take ɗauka. Na canza waya, haka dai. Wallahi ban ji tsoro ba, daɗi na ji. Duk Asabar sai in yi wanka in sa riga mai kyau in zauna, in matsa mata gefen benci.

Sai 'yarmu Ladi ta tashi aure, ta ce, "Baba, waƙar Mama nake so ka kaɗa mini a coci, da hannu biyu." Yaya zan ce mata a'a? Na duƙufa na koyi hagu, wata uku ba Asabar ba Lahadi. Ranar bikin na kaɗa, har maɓallin ƙarshen na danna, mutane suna ta share hawaye.

Da na dawo gida na ɗora hagu kan gwiwa na kaɗa da dama. Layin ƙasa bai motsa ba. Har yau bai sake motsawa ba, na roƙa, na yi kuka, na ma daina kaɗa hagun ko zan manta, amma hannun ya ƙi mantawa.

Ban san me wayar nan ta ji ba, kada ku tambaye ni. Amma in akwai aikin da wani naka yake yi maka, ko yana yinsa da kuskure, kada ka yi gaggawar iyawa. Ni dai gefen bencin yana nan, ban koma tsakiya ba.