Sarkin Rataya da Jakar Mai Shara

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shekara talatin ya yi a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar koyon sana'a, kuma aikinsa bai wuce rataya ba. Sai ya samo sandar ƙarfe ko guntun roba, ya ɗaure samanta, ya rataya mata nauyi a ƙasa, ya ja kujera ya zauna yana jiran ta miƙe. Abokan aiki suka laƙaba masa Sarkin Rataya. Matarsa kuwa cewa take, "Mazan mutane na gyara abu, nawa na gadin abu har ya lalace."

Injin da yake taƙama da shi, shi ya zana shi, shi ya ƙera shi. Doguwar sanda ce irin ta ma'auni: ka ɗora kilo ɗaya a bakinta, abin da ake gwadawa ya ji ashirin. Ga kuma allura tana zane a takarda, ko miƙewar ba ta kai kaurin gashi ba sai ta tona.

Wata rana wani mai masana'antar bututun roba ya kawo nasa a gwada.

"Nan da kwana uku nake son sakamako."

"Ranka ya daɗe, awa dubu ne."

"Ba a iya hanzartawa?"

"Sai dai ka yi wa robar magana. Ni ba ta jin tawa."

Sati biyu komai lafiya lau. Sai allura ta tsiri wani sabon hali: kullum da sassafe ta yi tsalle, bayan minti ashirin ta ja da baya. Kawu ya auna zafin ɗaki, ya toshe taga, ya zargi manyan motocin titi. Da dabara ta ƙare masa, sai ya yanke cewa ya gano abin da duniya ba ta sani ba game da roba. Ya fara rubuta takarda, har sabon takalmin zuwa taro ya saya.

Ran nan ya yi sammako don ya gani da idonsa. Ya tarar da tsohuwar da ke share ɗakin ta rataya jakarta a bakin sandar, tana ta aikinta.

"Iya! Jakar nan fa?"

"To a ƙasa zan ajiye ta? Duk ginin nan ba ƙusa ko ɗaya, sai wannan abin naka da ba ya tsinana komai."

Kawu ya miƙa hannu. Ya karɓi jakar ya auna: kilo biyu da rabi. Wato kullum roba na shan ƙarin kilo hamsin a hannun Iya. Ya yage takardarsa, ya yi wa injin keji, ya kafa wa Iya ƙusa har uku a bango, ya sake awa dubu daga farko. Bututun ya tsinke a awa ta ɗari bakwai, mai masana'anta ya daina gaishe shi.

Yanzu ya yi ritaya, amma ya bar wata wayar ƙarfe a rataye a ɗakin gwajin shekara goma sha ɗaya. Duk ƙarshen wata sai ya kira wanda ya gaje shi, ko gaisuwa babu: "Ta motsa?"